Iyar Ƙasa da Bukukuwanta Takwas

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, da mai salla da marar yi. Ranar wata Talata da hantsi aka bugo mini waya daga asibiti aka ce Iya ta cika. Lambata ce ta biyu a takardarta, bayan ta 'yarta. Ina tsaye a kicin da ludayi a hannu na ce musu na gode, na ajiye wayar, ban tuna akwai miya a wuta ba sai da ƙauri ya cika gidan.

Iya Baturiya ce, maƙwabciyarmu ta ƙasan bene a unguwar Ardwick ta Manchester. Shekara bakwai muna taka mata saman kai. Ta haura tamanin da haihuwa. Addininta shi ake kira Wicca, wanda mabiyansa ke girmama ƙasa da rana da wata, suna kuma raba shekara da bukukuwa takwas bisa juyawar yanayi. Ita da bakinta take kiran kanta da sunan da in an juya shi zuwa Hausa ba abin da zai fito sai mayya. Wannan sunan ne ya mayar mini da rasuwarta aiki.

Da maigidana ya dawo na gaya masa, sai ya zauna a bakin kujera ya cire hularsa yana juya ta a hannu. "Allahu akbar," ya ce. "Shekara bakwai, ko sau ɗaya matar nan ba ta kai complain ɗinmu hukumar gari ba, duk da tsalle-tsallen 'yarki." 'Yar tamu mai shekara shida ba ta yi kuka nan take ba. Ta leƙa taga ta kalli filin bayan gida, sannan ta juyo da Turancinta na 'yan Manchester: "Mum, who's gonna tell us when the sun's coming back?" Wato wa zai riƙa gaya mana lokacin da rana za ta juyo. Ni ce na fashe da kuka.

Na kira Inna a Kano. "Allah sarki," ta ce. "Wadda ta riƙe min ke lokacin laulayi? Kun je gaisuwa?" Na ce tukuna, 'yarta a Birmingham take. "To me kuke jira, a turo muku mota daga Kano?"

Sai na rubuta a dandalinmu na mata a waya cewa maƙwabciyata ta rasu, 'yarta ita kaɗai ce a unguwar Erdington ta Birmingham, ina so mu je mata gaisuwa ranar Asabar. Dandalin da kan ankon biki kawai sai a yi saƙo ɗari kafin azahar, ranar ya yi tsit. Wata ta turo innalillahi, bayan minti biyu ta goge. Can sai ga kiran Hajiya. Hajiya ita ce babbarmu, ta fi shekara ashirin a garin nan, ba a suna ba a biki sai da ita, kuma in ta ce a'a to an gama.

"Ke, wai mayyar nan ta ƙasanku?" ta ce. "Gaisuwar me? In kin je me za ki ce, Allah ya jiƙanta? Please, kada ki jawo mana magana."

Na kira Maman 'yan biyu, wata ƙawata Kirista mutuniyar Jos da ke Perry Barr, tunda ita kusa take da gidan 'yar Iya. Ta ja numfashi. "Haba sister, witch fa kika ce. Ni Sunday zan shiga church." Tunda nake ban taɓa ganin ita da Hajiya sun yi baki ɗaya kan maganar addini ba sai a kan gawar Iya.

Zan iya hawa jirgin ƙasa in je ni kaɗai, ba wanda zai hana ni. Amma ba shi nake so ba. Na taɓa yi wa matar nan laifi a gaban taro, don in faranta wa taron, kuma ban ga yadda zan je in gyara shi a ɓoye ba. Ina so mutanenmu su taka da ƙafarsu su ce wa 'yarta sannu. Don a gane dalilin wannan naci nawa, sai na faɗi wace ce Iya.

Na zo ƙasar nan a watan Oktoba ina amarya, maigidana yana karatun digiri na uku. Kafin Disamba ga laulayi ga duhu. Magariba tana yi ƙarfe huɗu saura, ni kuwa a gidan da ba a rufe ƙofa na tashi, yau ga ni tsakanin bango huɗu ba mai cewa ina kwana. Na daina girki, na daina tsefe kai. Likita ta ba ni ƙwayoyi da wata takarda. Ni dai na gaya wa maigidana ya nemi tikiti, gida zan koma.

Wata la'asar aka ƙwanƙwasa. Na buɗe da sarƙa a maƙale, don na riga na ga tauraro mai tsini biyar a ƙofarta da tsintsiyar itace a rataye. Tana tsaye da kofin shayin citta a hannu ɗaya, kyandir a ɗayan.

"Ina jin amanki, ina jin kukanki, silin ɗin nan takarda ce," ta ce. "Yau Yule. Yau ce rana mafi gajarta a shekara, daga yau an gama ragewa."

Na ce mata ni Musulma ce, ba na irin waɗannan abubuwan.

"Wa ya ce ki yarda da ni? Ba kuna da takardar lokutan salla ba? Ina ganin irinta a shagon mai nama. Je ki ɗauko."

Na ciro ta daga jikin firij. Ta sa ni na ɗora yatsa a layin magariba na gangara. Ga shi kuwa, minti ɗaya, sai wani minti, sai wani, yana ƙaruwa har ƙarshen wata.

"Kin gani, taku ma ta faɗa," ta ce. "Sanyi zai ƙaru, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma haske ya riga ya juyo."

Kyandir ɗin ban karɓa ba. Shayin na karɓa, na yi masa bisimilla uku da Ayatul Kursiyyu kafin na kai baki, tana tsaye tana kallona tana murmushi. Daga ranar kullum da safe sai na ja layi a takardar nan da biro. Maganar tikiti haka ta bi ruwa.

Da haka na fara koyon shekarar ƙasar nan a hannunta. Farkon Fabrairu ta yi Imbolc, ta share gidanta tas kamar jajiberin salla, ta jera kyandir a kowace taga, ta ja ni bayan gida cikin sanyin da ke fasa leɓe don kawai ta nuna mini wata 'yar farar fulawa da ta huda ƙasa. Na ce a raina, tsohuwar nan ba ta da aikin yi. Da dare da rana suka yi daidai a watan Maris ta yi Ostara, ta zo roƙon ɓawon albasa za ta rina ƙwai da shi, wai a duk layin ba gidan da ya kai mu cin albasa.

A watan ne na tafka wautar da ta yi shekara bakwai tana mini gori a kai. Rana ta fito kwana uku a jere, ga ƙasa a jiƙe. Na kwance irin yakuwa da kuɓewa da Inna ta ƙulle mini a ƙyalle, na cika bokitai da ƙasa a bayan gida. A garinmu in ruwa ya sauka shuka ake yi, nan kuwa ruwa ba ya ɗaukewa, to me ake jira? Iya ta leƙo ta ce in dakata. Na ce a zuciyata, Baturiya me ta sani a kan yakuwa. Suka tsiro gwanin sha'awa, wata safiya na fito na tarar sanyi ya dafa su, sun kwanta baƙi ƙirin. Ta yi dariya har da tari.

"Kafin Beltane ba a yarda da rana," ta ce. "Bayansa ma a garin nan sai an ƙara mako biyu."

Beltane shi ne ɗaya ga Mayu. Ranar tun da asuba take fita ta wanke fuska da raɓa, ta ɗaura ƙyallaye masu launi a reshen 'yar bishiyar tuffarta, ta tafi da 'yan'uwanta masu addinin su yi rawa suna kewaya wani dogon itace, ta dawo tana ɗingishi tana tsine wa gwiwa. Ita ta koya mini in fara shuka a bakin taga cikin ɗaki, sai gari ya yi ɗumi in fitar. Yakuwa ta yi, har na ba mutane. Kuɓewa dai har yau ba ta samu biza ba.

A shekarar azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Ranar Litha, wato rana mafi tsawo, Iya ta fito da furanni a ka tana murna, ta ci karo da maigidana a matakala, leɓe duk ya bushe. Ya ce mata, "Iya, don Allah ki gaya wa ranar nan taki ta faɗi haka nan." Ta ce bikinta a tsaye yake, namu ne ke yawo, mu muka zo muka same ta.

Ba waliyya ba ce, kada a ce na yi mata kwalliya. Faɗa gare ta. In ka jefa kwalba a mazubin takarda sai ta ciro ta ta ajiye maka a bakin ƙofa. Ta taɓa korar wani mai yankan bishiya da sandarta saboda tsuntsaye sun yi sheƙa. Ba ta da kyanwa, ga masu tambaya, atishawa take sa ta. Abin da na fi ji a bakinta shi ne addininta ya hana ta cutar da kowa, amma bai hana ta gaya wa mutum gaskiya ba.

Na haihu a ƙarshen Yuli, suna ya faɗo ɗaya ga Agusta. Ban san ranar Lammas ce ba, bikin girbin farko, ranar da suke toya burodi da sabuwar alkama su gutsuttsura su raba wa waɗanda suka ɗauka nasu ne. Falona ya cika da mata, ana shewa, ƙamshin turare da na soyayyen nama sun haɗu. Sai ga Iya ta hawo benen da ƙyar, cikin koriyar riga, zangarniyar alkama a gashinta, tauraron nan a wuya, ta rungumo burodi mai ɗumi a cikin farin ƙyalle. Duk matan suka juyo suna kallonta. Na ji muryar Hajiya a bayana da Hausa, a hankali: "Kada ki bari ta taɓa jaririyar nan."

Matar da ta raka ni awo sau uku, wadda ta zauna da ni a tasi ranar naƙuda kafin maigidana ya iso. Na tare ƙofa da jikina. Na karɓi burodin da yatsa biyu, na ce na gode, na rufe. Da yamma aka tara shara, wata ta ce a haɗa da burodin, ban ce a'a ba. Na manta mazubin shararmu ɗaya ne da nata. Washegari ta taga na gan ta ta ɗaga murfin, ta tsaya, ta ciro shi, ta karkaɗe, ta gutsuttsura wa tantabaru.

Wata biyu ba ta yi mini magana ba, ni ma kunya ta hana ni sauka. In na ji motsinta a matakala sai in koma ciki. Sai ƙarshen Satumba, lokacin Mabon, bikinsu na godiya kan amfanin gona, na hango ta tana fama da tsinkar tuffa hannunta ba ya kaiwa. Na goya yarinya na sauka.

"Iya, na yi miki laifi."

"Kin yi," ta ce, ba ta juyo ba.

"Tsoro na ji."

"Tsoron burodi ko tsoron matan?"

Na ce na matan ya fi yawa. Amma na gaya mata ɗaya gaskiyar ma, cewa abin da aka yi wa addu'a da sunan wani ba Allah ba, ba zan iya ci ba. Ta juyo ta dube ni da kyau.

"To haka za ki ce. Ki ce ba za ki ci ba, in ba tsuntsaye. Amma alkamar farko ba a zuba ta a shara." Ta miƙo mini kwando. "Ke doguwa ce, tsinko na saman can."

Da Lammas ta zagayo sai ta toya burodi biyu. Ɗaya ta yi masa addu'o'inta, ɗayan ta ce fulawa ce da ruwa da gishiri da yis, ko sannu ba ta ce masa ba. Tun daga nan duk abin da ta miƙo mini sai in tambaya, na addini ne ko na ciki? Har ta koyi amsar da Hausa. Sai ka ji ta daga ƙasan bene tana ƙwala mini kira, "Na ciki!" In na addini ne da kanta take cewa wannan ba naku ba ne. Ba ta taɓa gayyata ta taronsu ba, ni ma ban taɓa fasa yi mata addu'ar shiriya ba, kuma ta sani. Naman layya kuwa ba ta taɓa tambayar na mene ne ba, cinyewa take yi.

Wannan ce matar da nake roƙon a je wa 'yarta gaisuwa. A ƙasar nan gawa sai ta yi mako biyu tana jiran jana'iza, don haka akwai lokaci. Maigidana ya tambayi malam bayan Juma'a. Malam ya ce haƙƙin maƙwabci bai faɗi don addini ya bambanta ba, a je a gaida mai rai a ba shi haƙuri, kada a shiga ibadarsu, lamarin mamaciya kuma a bar wa Mai shi. Na tura wa Hajiya wannan. Ta amsa da kalma ɗaya, ta ce ta gani.

Ranar Asabar na shirya ni kaɗai, zuciyata ba daɗi. Ina ɗaura ɗankwali na ji hon a ƙasa. Motar Hajiya ce, da mata biyu a baya, da kuloli uku.

"Shigo, kina ɓata min lokaci," ta ce. "Ba don ita na zo ba. Don kada a ce 'yarmu ta je gaisuwa ita kaɗai hannu rabbana kamar marar dangi."

Maigidana ya leƙo ta taga ya ce ko na kira matar na sanar da ita. Hajiya ta ce, "Wa ya taɓa yin appointment don gaisuwar mutuwa?" Ta ja mota. Hanya duk tana lazimi tana faɗa da masu manyan motoci. A Perry Barr muka tsaya, sai ga Maman 'yan biyu a bakin titi da kular gwate, ashe Hajiya ta kira ta. Ta shigo tana cewa ita dai ba za ta sha ko ruwan gidan ba.

'Yar Iya mace ce mai kimanin hamsin da biyar. Sau biyu take zuwa a shekara, ba ta kwana, gaisuwarmu da ita ba ta wuce ta matakala ba. Ta buɗe ƙofa da silifas, ta ga mata biyar da mayafai da kuloli, ta ce mun yi ɓatan gida. Sai ta gane ni. Kafin ta gama tunanin abin da za ta ce mun cire takalma mun shige, muka bar mata kujerun muka zauna a ƙasa. Ta tsaya tsakiyar falonta tana raba ido, ta ce bari ta ɗora shayi. Hajiya ta ce mata da Turanci ta zauna, mai rashi ba ya hidima.

"To me ya kamata in yi?" ta tambaye ni.

Na ce ba komai, zama kawai za ta yi, mu muka zo.

Muka gaishe ta ɗaya bayan ɗaya, ina fassarawa. Sannu da rashi. Ya haƙuri. Allah ya ba da haƙuri. Daga nan muka yi shiru irin na zaman makoki, wanda mu ba ya damunmu, ita kuwa sai murza yatsu take. Can ta fara magana da kanta. Ta ce katin ta'aziyya huɗu aka zuro mata ta ƙofa, amma mu ne farkon waɗanda suka shigo. Ta ce a wurin aikinta ba wanda ya san abin da mahaifiyarta take bi. Tun tana firamare ake kiranta 'yar mayya, ana jifanta a hanyar gida. Ranar aurenta ta sa mahaifiyar ta cire tauraron daga wuya, ta kuma gargaɗe ta kada ta buɗe baki a gaban dangin miji. Tsohuwar ta cire, ta zauna a kujerar baya har aka tashi.

Ta ce yanzu 'yan'uwan addinin mahaifiyar sun rubuto mata. Ƙarshen Oktoba za su yi Samhain, bikin da suke rufe shekara da shi su tuna matattu. Suna ajiye faranti a gurbin wanda ya tafi, su ci abinci ba magana, sannan a kira sunayen waɗanda aka rasa a shekarar. Sun ce ta zo ta kira na mahaifiyarta. "Da wane baki?" ta ce.

Sai na ba ta labarin burodin, ban rage komai ba. Ina gamawa Hajiya ta gyara zama. Na ɗauka cewa za ta yi mu tashi.

"Ni ce na ce kada a bari ta taɓa jaririyar," ta ce da Turanci, tana kallon matar ido cikin ido. "Ban ga ta yi komai ba, ji kawai na yi. Ga yarinya can ta shekara shida tana tsalle a kan tsohuwar, ko ciwon kai ba ta sa mata ba. Addinin mahaifiyarki ba nawa ba ne, ba zan yi miki ƙaryar na yarda da shi ba. Amma na ɗora mata abin da ba ta yi ba. A wurinmu wannan haƙƙi ne, ba a so mutum ya shiga kabari da shi. Ita ta tafi, ke kika rage. Ki yafe mini."

Shekara bakwai na san Hajiya, ban taɓa jin ta ba wani haƙuri ba, ko mijinta. Matar ta dube ta.

"Ke sau ɗaya kika faɗa," ta ce. "Ni shekara arba'in na yi ina ɓoye ta. Ni wa zai yafe mini?"

A nan ne na gane abin da ya kawo ni. Mako ɗaya kafin rasuwar na je duba Iya a asibiti, na ga ba kowa a gefen gadonta, raina ya ɓaci, na ce mata 'yarta ba ta kyauta ba. Na gaya wa matar amsar da na samu, yadda aka ba ni ita, har da hararar. Iya ta ce in iya bakina. Ta ce, "Yarinyar nan ta sha jifa saboda ni tun ba ta san komai ba. Ni na zaɓi hanyata, ita ba ta zaɓi uwa ba. Wa ya kamata ya nemi yafiyar wa?"

Matar ta zamo daga kujera ta zube a ƙasa tare da mu. Hajiya ce ta jawo ta jikinta ta rufe ta da mayafinta tana bubbuga bayanta, tana cewa da Hausa, "Yi haƙuri, yi haƙuri 'yar nan," kamar tana ji. Maman 'yan biyu da ta rantse ba za ta sha ruwan gidan ba, ita ta shiga kicin ta ɗora shayin, ta kuma sha kofi biyu. Sai da muka ga matar ta ci abinci muka yi la'asar a falonta, muka kamo hanya.

Ba zan rufe wannan rubutu da addu'ar da muka saba rufe irinsa ba, Hajiya ta yi gaskiya a nan. Makomar Iya tana hannun wanda ya halicce ta, ba ni da ta cewa. Abin da nake da shi shaida ce, kuma na bayar: ta riƙe maƙwabtaka, ba ta cuce mu ba, mu ne muka cuce ta, ta kuma yafe. Allah ya ba 'yarta haƙuri, mu kuma ya sa mu cika da kyau, ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba.

Farkon Nuwamba 'yar tata ta kira ni. Ta ce ta je taron. Ba ta shiga addu'arsu ba, a gefe ta zauna. Amma da aka zo kan sunan, ta miƙe tsaye ta faɗe shi da ƙarfi, sannan ta ƙara abin da ba wanda ya ce ta ƙara. Ta ce, "Ni 'yarta ce."